Kogin Kolumbiya: Inda kifin gida ke ƙarewa, baƙo na bunƙasa

A farkon watan Satumban 2021, daidai lokacin da masu sha'awar kamun kifi suka saba yin dafifi a bakin kogunan arewa maso yammacin Amurka, Ma'aikatar Kifi da Namun Daji ta Jihar Oregon ta rufe kamun kifin sitilhed a Kogin Deschutes da Kogin John Day, rassa biyu daga cikin manyan rassan Kogin Kolumbiya. Dalilin da ta bayar gajere ne: tun da aka fara ƙirga kifin da ke haurowa ta Madatsar Bonneville a 1938, ba a taɓa ganin ƙarancin sitilhed irin na wannan shekara ba. A 2001 an ƙirga sama da 600,000. A 2021 adadin bai kai 100,000 ba.

A cikin waɗannan makonni, a Kogin John Day ɗin da aka hana taɓa sitilhed, mai fatsa na iya kama gomman kifin bas a wuni guda, kuma babu jami'in da zai ce masa ya isa haka, domin tun 2016 jihar ta cire iyakar yawan bas ɗin da mutum zai iya ɗauka daga wannan kogi.

Kolumbiya, wanda ba shi da alaƙa da ƙasar Kolombiya ta Kudancin Amurka, ya taso ne daga lardin British Columbia na Kanada, ya yi tafiyar kilomita kusan 2,000, wato kimanin rabin tsawon Kogin Neja, sannan ya faɗa Tekun Fasifik a kan iyakar jihohin Oregon da Washinton. Daga cikin kifayen da ke jan masu fatsa zuwa gare shi da rassansa, akwai uku da labarinsu ya sarƙe da juna: salmon da sitilhed da bas. Biyun farko 'yan gida ne, kuma ja da baya suke yi. Na ukun daga gabashin ƙasar aka kawo shi, kuma kullum ƙara yaɗuwa yake yi. Wanda ya tsaya cikin ruwan da sanda a hannu yana ganin tsakaninsa da kifi ne kawai, alhali abin da zai cafki ƙugiyarsa an riga an yanke shi a ofisoshin gwamnatin tarayya da zauren majalisa da kotuna, cikin shekaru kusan 90.

Fatsar da ba ta buƙatar tana

Mai fatsa a bakin Neja ko Binuwai yakan soka tana a ƙugiya, ya ɗaura ɗan abu mai nauyi, ya jefa ya zauna jira. A salon da ake magana a kansa, ba a ba kifi abincin gaske. Gashin tsuntsu da gashin dabba da zaren launi ake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi ko kwaɗo. Wannan shi ne ƙwaron gashi. Dabarar tsohuwa ce, domin wajen shekara ta 200 Miladiyya marubucin Rum, Claudius Aelianus, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara guda biyu.

Da yake ƙwaron gashi ba shi da nauyin da zai ja igiya idan an jefa shi, sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri da aka lulluɓe da roba, wata tana yawo a saman ruwa, wata tana nutsewa. Mai fatsa na kaɗa sanda gaba da baya har igiyar ta miƙe a iska, ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi inda ake so. Tsakanin igiyar da ƙugiya akwai siririn zaren roba da kifi ba ya saurin gani.

A ƙaramin rafi, sanda mai tsawon mita 2.7 da ake riƙewa da hannu ɗaya ta wadatar. Babban kogi kuwa yana zuwa da matsaloli biyu: kifin yana nesa, kuma a bayan mutum akwai bishiyoyi ko dutse da ke hana igiya miƙewa. Maganin wannan ya fito ne daga Kogin Spey na Sikotland a ƙarni na 19, inda aka ƙirƙiro doguwar sanda mai kusan mita 4 da ake riƙewa da hannu biyu. Mai amfani da ita yakan bar bakin igiya ya ɗan dafa ruwa a gefensa, ya lanƙwaso sauran kamar baka, sannan ya watsa ta gaba mita 25 ko fiye, ba tare da ta wuce bayansa sosai ba. Daga baya masu fatsa a Kogin Skagit na Jihar Washinton suka gajarta igiyar suka ƙara mata kauri, domin ta iya ɗaukar manyan ƙwarin gashi ta nutsar da su cikin ruwan hunturu.

Kifin da ake jefa wa igiya sau dubu

Sunan sitilhed na nufin "kan ƙarfe". A wajen masana, jinsinsa ɗaya da kifin tirawut mai launin bakan gizo, wanda ke ƙare rayuwarsa a rafi. Bambancin shi ne wannan yana zuwa teku. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar rafi mai sanyi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku a nan, sannan ya bi ruwan narkewar ƙanƙara na watannin Afrilu da Mayu ya gangara. Bayan shekara ɗaya ko biyu a Fasifik sai ya juyo, yana bin ƙamshin ruwan da aka haife shi a ciki. Akasarin waɗanda ke dawowa suna da nauyin kilo 2 zuwa 4, amma masu nufar Kogin Clearwater na Jihar Idaho, waɗanda suka fi daɗewa a teku, sukan haura kilo 5, wasu har 9.

Wahalar kama shi ita ce idan ya shigo ruwan daɗi ba ya cika damuwa da abinci. Haushi ko son sanin abin da ya gitta masa ne kan sa ya cafki ƙwaron. Saboda haka masu nemansa ke kiransa kifin da ake jefa wa igiya sau dubu.

Wurin da ake nema shi ne inda zurfin ruwa ya kai mita ɗaya zuwa biyu, gudunsa kamar tafiyar mutum da ƙafa, da manyan duwatsu a ƙasa da kifi zai raɓe a bayansu. Mai fatsa kan shiga ruwa har gwiwa ko ƙugu, sanye da wandon roba mai kaiwa ƙirji. Sai ya jefa igiya ta ratsa kogin tana ɗan karkata zuwa gangare, ya gyara mata kwanciya don kada ruwa ya fizge ta, ya bar gudun ruwa ya zagayo da ƙwaron a hankali har igiyar ta miƙe a ƙasansa. Idan babu abin da ya taɓa, sai ya yi taku biyu ko uku zuwa gangare ya sake jefawa. Haka zai yi ta yi har ya ƙure wurin. Al'adar kogi ita ce wanda ya zo daga baya ya fara daga saman wanda ya tarar, domin shiga gaban mutum ta gangare tamkar ƙwace masa layi ne.

A Deschutes doka ta hana yin fatsa daga cikin kwale-kwale. Jirgi na kai mutum wurin ne kawai, dole ya sauko ya tsaya da ƙafarsa. An fi samun kifin da asuba da kuma yamma lis, lokacin da inuwar tsaunuka ta rufe ruwan. Kogin na da wata daraja kuma: a watannin Yuli da Agusta ruwansa ya fi na Kolumbiya sanyi, don haka sitilhed ɗin da ke kan hanyar zuwa Idaho kan ratse su fake a bakinsa har zafi ya lafa.

Mutum kan yi kwana uku bai ji an taɓa igiyarsa ba. Idan kuma ya dace ya kama, in dai kifin na daji ne, wato wanda aka haifa a kogi, doka ta wajabta masa ya sake shi. Ana danne ɗan haƙorin da ke hana ƙugiya fita domin a cire ta cikin sauƙi, kuma a Jihar Washinton haramun ne a ɗaga irin wannan kifi gaba ɗaya daga ruwa. Masunci a Yawuri ko Lokoja zai ga wannan a matsayin wahalar banza, kuma ba shi kaɗai ba ne mai wannan ra'ayi. Daga cikin ƙabilun asali na yankin akwai masu kallon kamawa da sakewa a matsayin wasa da abinci.

Salmon da mutanensa

Nau'in salmon huɗu ne suka shahara a Kolumbiya: cinuk da koho da sokai da cam. Cinuk ne babbansu. Rayuwarsu ta yi kama da ta sitilhed, sai dai sitilhed na iya komawa teku bayan ya zuba ƙwai, salmon kuwa da zarar ya zuba sai mutuwa. Gawarsa ce ke zama takin rafi da abincin ƙwarin da 'ya'yansa za su ci.

A tsakiyar babban kogin, inda ruwa ke da zurfi da faɗi, akasarin salmon daga jiragen ruwa masu inji ake kama shi. Mai ƙwaron gashi kan tare shi ne a bakin rassa da wuraren da kogi ya tsuke, da sanda mai ƙarfi da igiya mai saurin nutsewa. Koho ya fi saurin bin ƙwaron da ake fizga a hankali. Cinuk kuwa ƙasa yake kwanciya, sai an kai masa har bakinsa, kuma idan ya kama yakan ja mutum tsawon lokaci kafin ya sallama.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, salmon da sitilhed miliyan 10 zuwa 16 ne ke haurowa Kolumbiya a kowace shekara. A magangarar ruwa ta Celilo, mutane sun shafe dubban shekaru suna tsayawa a kan dandamalin katako suna kwasar kifi da koma mai doguwar sanda, kuma wurin ya kasance babbar kasuwar yankin. A 1855 ƙabilun Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce suka sanya hannu a yarjejeniyoyi da gwamnatin Amurka, inda suka sallama ƙasa mai faɗin gaske amma suka riƙe haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba. Sai da aka kai ga kotu kafin a mutunta wannan alƙawari. A 1969 Alƙali Robert Belloni ya yanke cewa ƙabilun na da haƙƙin samun kaso na adalci, a 1974 kuma Alƙali George Boldt ya fayyace kason da cewa rabin abin da za a iya kamawa ne. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan a 1979. Sai dai rabin abin da ke ƙarewa ba shi ne aka yi alƙawari a kansa ba.

Wutar lantarki da abin da ta ci

Madatsar Bonneville, wadda ke da nisan kilomita 235 daga teku, ta fara aiki a 1938, kuma an gina mata matakalar kifi, wato jerin ƙananan kududdufai da kifi ke hawa ɗaya bayan ɗaya har ya tsallake. A jikin matakalar akwai tagar gilashi da ma'aikata ke zama suna ƙirga duk kifin da ya wuce. Madatsar Grand Coulee, wadda aka kammala a 1942, tsayinta mita 168 ne, kuma a yau tana iya samar da megawat sama da 6,800. Ita ba a yi mata matakala ba, lamarin da ya datse wa salmon hanyar zuwa wuraren zuba ƙwai masu tsawon fiye da kilomita 1,600. A watan Yunin 1940, kafin ruwa ya shanye magangarar Kettle, ƙabilun yankin sun yi taron makoki da ake kira Bikin Hawaye. A ranar 10 ga Maris, 1957 aka rufe ƙofofin Madatsar The Dalles, kuma cikin sa'o'i Celilo ta nutse.

Tsakanin 1961 da 1975, Sashen Injiniyoyi na Rundunar Sojin Amurka ya gina wasu madatsu huɗu a ƙasan Kogin Snake, babban reshen Kolumbiya: Ice Harbor da Lower Monumental da Little Goose da Lower Granite. Su ne suka mayar da garin Lewiston na Idaho tashar jiragen ruwa, duk da cewa yana da nisan kilomita kusan 750 daga teku. Tun daga lokacin, kifin da ke nufin Idaho sai ya tsallake madatsu takwas a hanyar zuwa teku, ya sake tsallake su a hanyar dawowa.

Babbar illar ba a kan manyan kifaye masu hawa take ba. A kan 'ya'yan da ke gangarawa take. A da, ambaliyar narkewar ƙanƙara ce ke kwasar su ta kai teku cikin sauri. Yanzu kogin ya zama jerin tafkuna, dole su yi iyo da ƙarfinsu, tafiyar ta ƙara tsawo, wasu su bi ta cikin injinan samar da wuta, wasu su faɗa bakin masu jiransu. Ruwan da ya tsaya kuma yana ɗaukar zafi, alhali salmon na fara galabaita idan ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. A 2015 zafin ruwa ya hallaka sokai kusan 250,000 a kan hanyarsu ta haurowa.

Sokai ɗin Kogin Snake kan yi tafiyar kilomita kusan 1,450, ya hau tudu mai tsayin mita kusan 2,000, kafin ya isa Tafkin Redfish a Idaho. A 1991 aka sanya shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A 1992 namiji ɗaya tak ya iso tafkin. A yau rukuni 13 na salmon da sitilhed a yankin Kolumbiya na ƙarƙashin kariyar Dokar Kare Halittun da ke Fuskantar Ƙarewa ta 1973.

Wuri ɗaya a tsakiyar kogin ya tsira daga zama tafki, shi ne yankin Hanford mai tsawon kilomita kusan 80. Abin da ya cece shi shi ne masana'antar sinadarin fulutoniyam da aka kafa a gefensa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta samar da sinadarin bam ɗin da aka jefa a Nagasaki. Tsaron da aka sa wa wurin ya hana a taɓa shi, kuma a 2000 Shugaba Bill Clinton ya ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa. A nan ne har yanzu cinuk na kaka ke zuba ƙwai da yawa a cikin babban kogin.

Baƙon da ya ƙi zama raɓa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Kifin bas mai ƙaramin baki bai bi wannan karin magana ba. Asalinsa yankin Manyan Tafkuna ne da Kogin Misisifi, kuma a shekarun 1920 aka fara zuba shi a kogunan yankin Kolumbiya. A 1971 jami'an Jihar Oregon da kansu suka saka shi a Kogin John Day domin samar wa jama'a abin kamawa a lokacin zafi.

Duk abin da ke cutar da salmon daɗi yake yi wa bas. Yana son ruwa mai ɗumi da ba ya gudu sosai, da duwatsun da ake jibgewa a gefen tafki. Ga mai fatsa, shi ne kishiyar sitilhed. Ba ya buƙatar doguwar sanda ko sammako. A watan Yuli da rana tsaka, ana jefa masa ƙwaro mai kan toto da ke yawo a saman ruwa, a ɗan fizga ya yi sauti, sai ya taso ya cafke a gaban idon mutum. Idan ya yi ƙasa, sai a sa masa ƙwaro mai idon dalma da ke kwaikwayon ɗan kifi, irin wanda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 domin wannan kifi a Kogin Susquehanna. Yana da faɗa fiye da girmansa, yaro ma na iya kama shi, kuma masu jagorantar baƙi da masu masauki a ƙananan garuruwan John Day na cin abinci da shi.

Matsalar ita ce abin da yake ci. Wani bincike da aka yi a tafkin Madatsar John Day a shekarun 1980 ya ƙiyasta cewa kifaye masu farauta na cinye 'ya'yan salmon da sitilhed kusan miliyan 2.7 a shekara. A lokacin, kason bas bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mafi yawan ɓarnar wani kifin gida ne mai suna faikmino ke yin ta. Tun farkon shekarun 1990 Hukumar Wutar Lantarki ta Bonneville ke biyan lada a kan kowane faikmino da aka kama, har an samu mutum ɗaya da ya tara sama da dala 100,000 a kaka guda. Wato ɗan gida aka sa wa farashi a ka, baƙo kuwa ya daɗe yana cin kariyar doka saboda masu sha'awarsa. Yayin da ruwan John Day ke ƙara ɗumi, bas na ƙara haurawa sama zuwa rafukan da 'ya'yan cinuk ke girma. Wannan ne ya sa aka cire masa iyaka a 2016. Sai dai masu sha'awar bas da yawa sun saba sakin abin da suka kama, don haka cire iyakar bai isa ya juya lamarin ba.

Kifin gwamnati

Tun farko, amsar gwamnati ga asarar da madatsu suka jawo ita ce gidajen ƙyanƙyasar kifi. Dokar Mitchell ta 1938 ce ta buɗe hanyar kashe kuɗin tarayya a kansu, kuma a yau mafi rinjayen salmon da sitilhed da ke dawowa Kolumbiya a irin waɗannan gidaje aka ƙyanƙyashe su. Kafin a sake su, ana yanke musu wani ɗan ƙaramin fiffike mai tsoka da ke gadon baya kusa da wutsiya. Abin da mai fatsa ke fara dubawa kenan idan ya jawo kifi: in babu fiffiken, na gwamnati ne, yana iya tafiya da shi gida, in yana nan, na daji ne, sai ya sake shi. Masana sun nuna cewa kifin ƙyanƙyasa na gogayya da na daji wajen abinci, kuma idan suka haɗu wajen haihuwa, zuriyar ba ta kai ta daji juriya.

An gwada wasu dabarun. Ana kwasar 'ya'yan kifi a jiragen ruwa da manyan motoci a tsallakar da su madatsu. Ana kuma sakin ruwa ta saman madatsa maimakon ta cikin inji, abin da ke rage kuɗin shiga daga wuta. Dokar Wutar Lantarki ta Arewa maso Yamma ta 1980 ta ɗora wa Hukumar Bonneville nauyin biyan kuɗin gyara ɓarnar, wato masu biyan kuɗin wuta ne ke ɗaukar nauyin. Su ma masu fatsa na biya, ta hanyar lasisi da kuma harajin kashi 10 cikin 100 da dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta sa a kan kayan kamun kifi, wanda ake raba wa jihohi. A 2023, William Jaeger na Jami'ar Jihar Oregon da Mark Scheuerell sun wallafa bincike da ya bi diddigin sama da dala biliyan 9 da aka kashe cikin shekaru kusan 40. Sun ga ƙaruwar kifin ƙyanƙyasa, amma ba su ga shaidar ƙaruwar na daji ba.

Daga kotu zuwa Fadar White House

Wannan ne ya mayar da hankali kan madatsun Snake guda huɗu. Masu kare su na da hujjoji masu nauyi: a matsakaici suna ba da megawat kusan 1,000 na wutar da ba ta fitar da hayaƙi, manoma na ban ruwa daga tafkin Ice Harbor, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na alkamar da Amurka ke fitarwa ta wannan hanya take bi. Masu neman a rushe su na nuni da cewa a bayansu akwai rafuka masu sanyi a tsaunukan Idaho da ba a lalata ba, kifi kawai suke jira.

Kotunan tarayya sun sha yin watsi da tsare-tsaren gwamnati na kare kifin. A 2016 Alƙali Michael Simon ya sake yin hakan, ya kuma umarci hukumomi su duba batun cire madatsun da gaske. A 2020 hukumomin suka ƙi. A Fabrairun 2021 ɗan majalisar wakilai daga Idaho, Mike Simpson na jam'iyyar Republican, ya gabatar da shirin dala biliyan 33.5 na fasa madatsun tare da biyan duk wanda zai yi asara, amma shirin bai zama doka ba. A Disambar 2023 gwamnatin Joe Biden ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilun huɗu da jihohin Oregon da Washinton: a dakatar da shari'a, a kashe sama da dala biliyan 1 a kan kifi, a kuma fara neman abin da zai maye gurbin amfanin madatsun, ko da yake majalisa ce kaɗai ke da ikon ba da izinin fasa su. A Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya janye gwamnati daga yarjejeniyar, masu ƙara kuma suka koma kotu.

A wasu kogunan an riga an ga abin da cirewa ke haifarwa. An fasa Madatsar Condit a Kogin White Salmon, reshen Kolumbiya, a 2011, kuma kifi ya koma sama. A Kogin Klamath an kammala cire madatsu huɗu a 2024, kuma a watan Oktoban shekarar aka ga cinuk a ɓangaren Oregon na kogin, inda rabon da a gan shi tun 1912.

Abin da ya shafi Neja da Binuwai

Kifayen Najeriya ba sa zuwa teku su dawo irin na salmon, amma yawancinsu na jiran ambaliya ne su bi ta zuwa fadama su zuba ƙwai. Duk madatsar da ta sauya lokacin ambaliya da yawanta ta taɓa haihuwarsu, ko Kainji ce ta 1968 ko Zungeru ta kwanan nan. Bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, kuma ruwan da ya koma gudana a hankali duk shekara ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Abin da bas ya yi a Kolumbiya ke nan: idan aka sauya wa kogi ɗabi'a, wani ne zai gaje shi.

Rufe ruwa domin kifi ya huta ma ba sabon abu ba ne a nan. A Argungu, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki. Ita ma fatsar ƙwaron gashi ta iso maƙwabta, domin a Kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi daga ƙasashen waje na biyan kuɗi su kama giwan ruwa da tsage su sake su. Abin da ya bambanta Kolumbiya shi ne ƙidaya. Alƙaluman da ake tarawa a Bonneville tun 1938 su ne lauya ke kai wa alƙali, da su jami'in jiha ke rufe kogi ko da masu otal za su yi kuka, kuma da su aka gane cewa dala biliyan 9 ba ta sayo abin da aka biya ta domin sa ba. Najeriya na da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, a gefen Tafkin Kainji. Amfanin irin wannan cibiya na bayyana ne a ranar da alƙalumanta suka isa teburin da ake yanke shawarar gina madatsa ko sakin ruwa.

A Kolumbiya dai, kifi ba ya jiran hukunci. Ɗan sitilhed ɗin da ya bar rafukan Idaho a watan Afrilun 2025 ya gangara ne lokacin da yarjejeniyar Biden ke aiki. Idan ya tsira daga madatsu takwas da bakin bas da shekara ɗaya ko biyu a Fasifik, zai dawo ya tarar da wata manufar daban, da madatsun nan takwas a inda ya bar su.